Sabo Dal Cikin Kwalinsa

"Sake faɗa mini. Mi kas sa wa motar?"

"Baba Gado, sau nawa zan faɗa? Na juye baƙin mai, na canza filta da fanbel, sai fad ɗin birki na gaba. Ɗan Beljiyam na sa. Ni na zaɓe shi, ni na ɗaura shi."

"Amma ba shi anka iske ba."

"Abin da ya hana ni cin abinci ke nan."

Ta wata 'yar taga da ba ta fi faranti faɗi ba suke maganar. Abel bakanike yana ciki, a ɗakin ajiyar tayoyi na ofishin direbobin tashar Jega, an datse shi da kwaɗo tun jiya da la'asar. Gado yana waje, ya jingina sandarsa da bango, ba ya ganin komai na Abel sai ido biyu da gumi. Warin roba mai zafi yana fitowa ta tagar har yana shaƙe wanda ke waje, balle na ciki.

Jiya Alhamis ƙaramar bas ɗin Waliyyu ta taso daga Aliero da fasinja bakwai da buhunan albasa. Gab da shiga Maiyama shanu suka ratso titi. Waliyyu ya taka birki, birkin ya yi ƙara kamar ana wasa wuƙa, motar ba ta tsaya ba sai da ta rungumi iccen dogon yaro. Ba a rasa rai ba. Amma Inna Gudiya, mahaifiyar Waliyyu, da ke zaune a gaba, ƙafarta ta karye wuri biyu. Da aka cire tayar hagu ta gaba, sai ga fad ɗin birki, wato 'yan ƙarafunan nan da ke damƙe ƙafar mota in an taka, sabo ne mai jan fenti, fuskarsa ta ɓare ta marmashe kamar ƙuliƙuli. Kwana uku kacal da Abel ya yi wa motar sabis.

Kafin magariba tasha ta gama yanke hukunci: Abel ya nuna wa Waliyyu mai kyau, ya ɗaura masa jabu, ya ɓoye mai kyan zai sayar. Matasa har sun fara zancen ashana. Mas'ud, ciyaman ɗin direbobi, ya kulle Abel, ya ce don tsaron ransa ne. Ya kuma ce in an kai la'asar ɗin gobe Asabar ba a ga wata gaskiya ba, za a rufe garejin, a miƙa shi ga hukuma, kuma ya gama taɓa motar kowa a Jega. Sannan ya aika Gumbin Kure aka kira Gado mai bin sawu, wanda ya yi shekara arba'in yana gano shanun sata da injinan ban ruwa ta hanyar karanta ƙasa. Ba wanda ya yi gardama. Kowa ya san Waliyyu ne zai auri Umaima, ɗiyar Gado, da an gama cirar albasa. Wa zai ce surukin Waliyyu zai yi wa Abel alfarma?

Abel ya ce shekararsa goma sha tara a Jega, 'ya'yansa uku a nan aka yanke musu cibi, kuma ɗazu matarsa ta kawo masa abinci matasa suka kore ta daga bakin tasha.

"Baba, ba ni da wani gari," in ji shi. "In an ce in tafi, ina zan ce na nufa?"

Gado bai ba shi haƙuri ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

*

Motar tana nan gefen titi a Maiyama, hancinta a lotse. Gado bai san inji ba, bai kuma taɓa cewa ya sani ba. Ya durƙusa gaban tayar dama ta gaba, wadda ba wanda ya taɓa tun da aka yi hatsarin, ya daɗe yana kallon notinan da ke riƙe da ita. Duk biyar ɗin suna da cizo a gefe, ƙananan tsage jere da juna, sababbi masu ƙyalli. Na tayar hagu ma haka. Na baya kuwa lafiyarsu lau.

Ya riga ya leƙa garejin Abel kafin ya taso. Sifanar taya da ke can bakinta sumul ne, ba ta da haƙori ko ɗaya. Mai haƙori ita ce ta masu gyaran famfo da injin ban ruwa. Ke nan bayan Abel, wani hannu ya sake kwance tayoyin nan.

Zuciyarsa ta fara zuwa kan Waliyyu. Ba yau aka fara ba, direba ya cire abu mai kyau daga motarsa ya sayar, in ta ɓaci ya nuna bakanike. Ya same shi a barandar asibitin Maiyama, zaune a ƙasa, idanunsa sun yi ja. Yaron ya zame takalmi ya durƙusa ya gaida shi, kansa a sunkuye yadda ake yi wa suruki. Daga ciki ana jin nishin Inna Gudiya.

Gado ya tambaye shi kai tsaye ko ya sayar. Waliyyu ya ɗago a karon farko, hawaye suka zubo masa. Ya ce ya sayar da birki sannan ya sa uwarsa a kujerar gaba? Gado ya dubi fuskar, ya janye tambayar a ransa. Ya ce to ya faɗa masa duk inda motar ta tsaya daga Litinin zuwa Alhamis.

Litinin tana gareji, in ji Waliyyu. Talata tana hanya tun safe, ta kwana cikin gidansu. Laraba kuwa bai yi lodi ba. Ya kwashi abokansa suka je gayyar cirar albasa a gonar Kawu Shehu, a Jiga Makera. Ya kulle motar a ƙofar gidan Kawu, makulli na aljihunsa, ba su dawo daga fadama ba sai bayan azahar.

Shehu wan mahaifiyar Umaima ne, a hannunsa take tun da mahaifiyar ta rasu. Kuma duk Jiga Makera ba wanda ya kai shi gyaran injin ban ruwa.

Gado ya ce Allah ya ba Inna lafiya, ya juya da sauri don kada yaron ya ga fuskarsa.

*

Da safiyar Asabar bai tafi Jiga Makera ba. Ƙafarsa ta ƙi. Sai ya bi ɗaya zancen da ke yawo a tasha, cewa Bright mai sayar da kayan gyaran mota shi ne abokin cin mushen Abel, tunda cocinsu ɗaya. Gado ya so ƙwarai zancen ya zama gaskiya.

Ya iske shagon a buɗe rabi. Bright ya rantse tun kafin a tambaye shi. Da Gado ya ce shi bai san fad daga gwangwanin madara ba, a nuna masa, sai Bright ya ɗan saki jiki, ya jera uku a kan tebur. Na farko sabo ne na kamfanin da ya ƙera motar, sai an yi odarsa daga Legas a jira mako guda. Na biyu ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga motocin da suka gama aiki a ƙasar waje. Ga tsatsa, ga ƙarzuwa, amma naman jikinsa na ainihi ne, shi direbobin da suka san hanya ke nema, kuma irinsa Abel ya zo ya tona ya zaɓa ranar Litinin. Na uku yana cikin jan kwali mai rubutun ruwan gwal, fentinsa har ɗaukar ido yake. Wannan, in ji Bright, ƙaramar mota mai yawon cikin gari za ta iya lallaɓawa da shi, amma motar da ke ɗaukar albasa da mutum bakwai, da ya yi zafi ya gama.

Gado ya tambayi wa ya sayi jan kwali a makon nan.

Bright ya leƙa waje. Ya ce ranar Talata wata yarinya ta zo cikin hijabi ruwan ƙasa. Ba ta san sunan motar ba, sai ta nuna masa hotonta a waya, da direban jingine a jiki yana dariya. Ya miƙa mata ɗan Beljiyam, ta ja da baya kamar ya miƙo mata mataccen ɓera. Ta ce ita wanda ba a taɓa sa wa kowace mota ba take so, sabo dal, cikin kwalinsa. Ya fara yi mata bayani, ta ce ai dama an gaya mata 'yan kasuwa sun fi son su kakaba wa mutum tsoho. Ta ɗauki jan, har ta sa ya goge mata ƙurar da ke kan kwalin.

"Kai kuwa ka yi shiru, ɗan'uwanka na ɗakin tayoyi?"

"Malam, daga shagona kwalin ya fito. In na yi magana, mu biyu za a kulle."

Gado bai tambayi kamannin yarinyar ba. Hijabin ruwan ƙasa shi ya saya wa ɗiyarsa da sallar bara.

*

Ƙofar gidan Shehu yawanci a jiƙe take, don a nan yake wanke injina yana gwada su. Laka ce, kuma laka in ta bushe tana riƙe duk abin da aka taka mata. Shehu yana fadama lokacin da Gado ya iso. Ya sauka daga mashin, ya sallami mai mashin ɗin, ya tsaya shi kaɗai.

Ga sawun tayoyin bas, huɗu. Ga ramin gindin jak ɗin ɗaga mota mai kusurwa huɗu, dama da hagu. Ga gwiwoyin mutum mai nauyi da ya durƙusa ya daɗe. Kusa da gwiwoyin kuma, ga wani sawun, ƙarami, na silifa, ya tsaya wuri ɗaya kamar mai miƙa kaya. Ƙafar hagu tana ɗan karkata ciki. Da wannan karkatar Umaima ta fara tafiya, a tsakar gidansa, tana riƙe da ɗan yatsansa, uwarta na tafa mata.

Ya tsuguna ya sa tafin hannunsa kan sawun ya rufe shi. Da zai murza sau ɗaya, lakar za ta koma gari. Ba kowa a wurin sai kaji.

Bai murza ba. Ya tashi ya bi sawun silifar. Ya zagaya bayan zana, ya tsaya a bakin juji. Gado ya sa sandarsa ya tona cikin toka da busasshen lawashi, ƙarfe ya amsa. Guda huɗu ne, masu tsatsa, masu kauri, lafiyayyu. Ɓarawo ba ya zubar da abin da ya sata. Wanda ya jefa waɗannan a juji ya ɗauka shara ce yake raba mota da ita.

"Baba."

Tana tsaye a bakin zana. Kwana biyu sun cinye mata fuska. Ya san ba ta ci ba, ba ta yi barci ba, ya kuma san tun isowarsa take kallonsa ta tsagar zana.

Ba ta jira ya tambaya ba. Ta ce ran Litinin Waliyyu ya kira ta yana murna, wai Abel ya samo masa na hannu mai kyau. Ta tambaye shi na hannun wa, ya yi dariya ya ce na wata mota da ta mutu a ƙasar Turawa. Maganar ta tsaya mata a ƙirji. Ana ta haɗa mata kayan ɗaki, ko ludayi ba a yarda a sa mata tsoho ba, shi kuwa ransa kullum yana kan titi, rataye da ragowar matacciyar mota? Ta roƙi Kawu, Kawu ya ce gaskiyarta, shi a injin ban ruwa bai taɓa ganin inda tsoho ya fi sabo ba. Ta yi niyyar ba za ta gaya wa Waliyyu ba sai ranar da aka kai ta ɗakinsa.

"So na yi in tsare shi, Baba."

Gado ya tattara ƙarafunan a hannunsa. Sai ga Shehu ya dawo da laka har gwiwa. Ya ga ƙarafunan a hannun Gado, ya ga Umaima, ya sauke abin da ke kafaɗarsa a hankali. Ya ce tun Alhamis yake ɗaura niyyar zuwa Jega yana kwancewa. Ya ce hannunsa ne ya kwance, hannunsa ne ya ɗaura, don haka shi zai je ya ɗauka. Abel ya fita, magana ta ƙare. Amma in dangin Waliyyu suka ji cewa amaryar da suke jira ita ta karya ƙafar uwarsu, ba sauran aure.

"Ka ce sawu guda kag gani, Gado. Ɗiyar ƙanwata ta, ɗiyarka ta."

Gado ya naɗe ƙarafunan cikin ƙyallensa. Ya ce wa Umaima ta shiga gida kada ta fito. Har suka kai Jega bisa mashin ɗin Shehu bai ce masa e ba, bai ce a'a ba.

*

Bayan la'asar harabar ofishin ta cika. Mas'ud ya zauna kan benci da makullin ɗakin tayoyi a hannu. Waliyyu ya zo daga asibiti. An kira Bright, ya rakuɓe jikin bango. Abel kuwa idanunsa kawai ake gani ta taga.

Gado ya warware ƙyallen a kan benci. Waliyyu ya matso ya juya ƙarafunan, ya ce wallahi su ne, su Abel ya nuna masa ran Litinin. Gado ya faɗi cizon da ke jikin noti, ya faɗi lakar Jiga Makera, ya faɗi jujin. Ya ce duk wanda ya cire waɗannan bai san darajarsu ba, bakanike kuwa ko a mafarki ba zai yar da su ba.

Shehu ya miƙe. Ya ce shi ne, ya ga tsoho a motar surukinsa ya sa masa sabo, bai san sabon mota ba kamar sabon famfo yake ba.

Wurin ya ɗauki hayaniya. Wani tsohon direba ya ce to ga shi, mai gyaran famfo ya ɗauka birki ma ruwa yake ja. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ba abin dariya ba ne. Mas'ud ya ɗaga hannu. Shi ma tsohon direba ne, ba ya son zance mai rami. Ya tambayi Bright ko Shehu ne ya zo shagonsa. Bright ya kalli ƙasa bai amsa ba. Mas'ud ya juya.

"Malam Gado, kai munka kira don ba ka taɓa ƙara wa ƙasa magana ba, ba ka taɓa rage mata ba. Sawu nawa kag gani wurin motar?"

Shehu yana kallonsa. Waliyyu yana kallonsa. Ta taga ma ana kallonsa. In ya ce ɗaya, shirun Bright zai ci gaba da wari, gobe a ce shi da Abel ne suka yaudari Shehu suka sa shi ya ɗauki laifi, Abel ya fita ɗakin tayoyi amma ba zai sake ganin mota a garejinsa ba. In ya ce biyu, da bakinsa ya kwance auren ɗiyarsa. Ya ji harabar ta matse kamar shi ne aka datse da kwaɗo.

"Biyu," in ji shi.

"Na biyun nawa ne," in ji wata muryar mace daga bayan taron.

Ba wanda ya ga lokacin da wani keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin tasha. Umaima ta ratso tsakanin maza, aka dare mata. Ta durƙusa gaban Mas'ud ta faɗi komai, tun daga wayar ran Litinin har zuwa juji, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Bright ya ɗaga kai ya ce haka aka yi. Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Mas'ud ya tashi da kansa ya buɗe kwaɗon. Abel ya fito yana kare ido daga rana, rigarsa ta manne da jikinsa, baƙin roba har a goshi. Mas'ud ya ba shi haƙuri a gaban jama'a, ya ce gobe motarsa ce za ta fara shiga garejin. Matasan da suka yi zancen ashana suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Abel ya tsaya gaban Umaima ya daɗe. Kowa ya zata zagi zai yi.

"Ƙanwata, da kin biyo ta gareji kin tambaye ni," in ji shi. "Da na nuna miki."

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata.

Waliyyu bai motsa daga inda yake ba. Yana riƙe da ɗaya daga cikin ƙarafunan, yana goge tokar jikinsa da babban yatsa. Bai kalle ta ba, bai kalli Gado ba. Da ya yi magana, da ƙyar aka ji shi.

"Dangi duk suna can bakin gadonta, suna jiran in kai musu sunan wanda yay yi. Mi zan ce wa Inna?"

Umaima ta share fuska da gefen hijabi, ta miƙe tsaye.

"Ba kai za ka ce ba. Baba, kai ni Maiyama yanzu. Ni zan gaya mata da bakina, a gabansu. Kuma ni zan yi jinyarta har ta taka ƙafar nan, ko da aure ko ba aure."